Imogen Ta Ɗauke Sunan Babana

Laifina ne, na sani. Kowa a garinmu ya san ba a faɗin sunan jariri sai ya zo duniya, amma bakina bai da murfi. Ranar wata Lahadi muna cin gasasshen nama da dankali a gidan Mama, ina da cikin wata bakwai, na ce in namiji ne Edmund zan sa masa, sunan Baba. Imogen, matar ƙanena Gareth, tana zaune da nata cikin da ya girmi nawa da sati uku. Ta ɗago kai daga wayarta ta ce kai, suna mai daɗi.

Baba ya rasu bara. Shekara biyu ni ke kai shi asibiti, ni ke yanke masa farce. Shi ya gaya mini tun ina ƙarama cewa sunansa ya fi cocin garinmu tsufa, tsohon Turancin kakanni ne, ma'anarsa mai tsare arziki, kuma sarakunan da suka yi mulki a wannan yanki sun amsa shi. Yana alfahari da shi ko lokacin da 'yan makaranta ke masa dariya. Gareth kuwa sau uku ya leƙa asibitin, ko kwat ɗinsa ba ya cirewa.

Imogen ta haihu. Saƙo ya shigo da hoton jariri cikin farin bargo, a ƙasa an rubuta Edmund.

Na same su a kicin ɗin Mama, ana zuba shayi kamar ba a yi komai ba. Imogen ta shiga yi mini bayani, ni! Wai ta bincika, tsofaffin sunaye suna dawowa yayi, amma wannan bai shiga jerin sunaye ɗari da aka fi sa wa yara ba tukuna, don haka shi kaɗai zai amsa shi a ajinsu. Har ma'anar ta karanto mini daga waya. Gareth yana kallon kofinsa, ya ce ai shi ma ubansa ne.

Na ce, "Ubanka ne? Wane ɗaki aka kwantar da shi?"

Bai sani ba. Mama ta ja ni waje ta roƙe ni. Jikoki biyu, suna ɗaya, gida ɗaya, ba a yin haka, mutane za su ce gasa muke. Ta ce ta rasa miji, kada in raba mata 'ya'ya. Ta yi kuka, ni kuma ba na iya ganin kukan Mama.

Ɗana ya zo. Kwana arba'in da biyu doka ta ba mu mu yi masa rajista, na kai kwana arba'in ina ce masa jariri. Mijina Stuart ya gaji da tambaya. A ofishin rajista matar ta ɗora hannu kan kwamfuta tana jira, na ce Hugh. Suna ne mai kyau, ban da abin faɗa a kansa. Ba shi nake so ba.

Bayan wata uku aka yi wa ɗan Imogen baftisma. Na je saboda Mama. Da aka fito ana yanka kek a harabar coci, na daure na miƙa hannu, na ce a ba ni Edmund in ɗauka.

Imogen ta tsaya tana kallona, sai ta fashe da dariya.

"Au, Teddy kike nufi? Ai mun daina kiransa Edmund tun satin farko, Lorna. Bai dace da shi ba, sai ka ji kamar ana kiran wani tsoho."

Na juya na dubi Mama. Ta sunkuyar da kai tana gyara wa Hugh hula.