Hatimin Hajaratu

Hajaratu ta sauko daga motar Kano a tashar Kabo tana ɗingishi, don ƙafarta ta yi tsami a kujerar baya inda ake cusa fasinjoji mata tun zuwan Shari'a. Ƙaninta Dabo na jiran ta a kan babur, idanunsa jawur.

"Yaya, sannu da hanya."

"Mutum nawa?"

"Ɗaya ce. Halima Sa'adiya, matar wani mai faci. Jiya da asuba ta haihu, da hantsi rufin ya rufto mata."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajaratu, ta hau bayansa. Suka kama hanya, suka wuce Masanawa.

Hajaratu mai zanen gine-gine ce, kuma ita kaɗai ce a zuriyarsu ta Gwarzo ta kai ga samun lasisi da hatimin hukuma. Dabo ma ya fara wannan karatun, amma yajin aikin jami'a da rasuwar mahaifinsu a shekarun tsuke bakin aljihu suka dawo da shi gida. Daga baya ya yi wani ɗan kwas a Legas, wurin wani kamfani mai ba da shaidar "koren gini", wato ginin da ba ya shan lantarki, ba ya ɓarnar ruwa. Da wata ƙungiyar agaji ta zo gina ɗakin haihuwa a wani ƙauye bayan Masanawa, wannan takardar ta gani ta ba shi aikin. Sai dai hukuma ba ta karɓar zane sai da hatimin mai lasisi. Ya kawo wa yayarsa, ta duba, zanen ya yi kyau har ta yi masa kirari, ta buga. Ta ce za ta zo duba aikin. Yau ofis, gobe rashin lafiyar yaro, har aka buɗe ginin ba ta taka wurin ba.

Yanzu ga ta a cikinsa. Bango mai kauri, tagogi a sama suna jan iska, ɗakin da sanyi kamar bakin randa. A ɓangaren gabas kuwa sama ce a buɗe, ga wani ƙaton tanki ya dare biyu a kan gadon ƙarfe da ya lanƙwashe. A bakin ƙofa allon kamfanin na nan da koren ganyensa, ko ƙwarzane babu.

"Wannan tankin ba ya cikin zanen da na gani," ta ce.

"Daga baya ne. Mutanen kamfanin suka ce in ana tara ruwan sama a rufi za su ƙara mana maki." Ya nuna allon. "Na kira su jiya. Cewa suka yi su iska da haske suke aunawa, ƙarfin ginshiƙi aikin mai hatimi ne."

"Ba su yi ƙarya ba."

Dabo ya durƙusa a gabanta cikin ɓaraguzan. "Yaya, jibi hukumarku za ta kira ki. Ki ce sace hatimin na yi. Ni ba ni da abin da za a ƙwace mini. Ke kuwa da aikinki Innarmu ke ci, da shi yaranki ke karatu."

Ta dube shi. Ita ta goya shi yana jinjiri, ita ta fara koya masa riƙe fensir. Maganar tasa kuma za ta shiga kunnen hukuma, ta san haka sarai.

"Tashi," ta ce. "Kai ni gidan rasuwar."

Ya tsaya wajen maza a ƙofar gida, ita ta shige ciki. Mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi. Aka nuna mata Inna Altine, mahaifiyar mamaciyar, wata ramammiyar tsohuwa da jaririya a cinya. Hajaratu ta durƙusa.

"Inna, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Allah ya raya abin da ta bari."

"Amin, 'yar nan. Ban shaida ki ba. Daga dangin mijin kike?"

Hajaratu ta ɗago kai. Da ta ce daga Gwarzo take, da maganar ta wuce.

"A'a, Inna. Ni ce na sa hannu aka yi ginin nan. Ya kamata in zo in duba, ban zo ba."

Wata mata ta ja tsaki, wata ta fashe da kuka. Inna Altine ta daɗe tana kallon ta.

"Halima ta ce mini ɗakin da sanyi," in ji tsohuwar. "Ta ce, Inna, ki bar ni in ɗan ƙara kwanciya."

Daga masallacin ƙauyen aka kira la'asar. Inna Altine ta yunƙura za ta tashi, ta waiga dama da hagu, duk na kusa da ita sun miƙe neman buta. Ba ta ce ta yafe ba. Sai ta miƙa wa Hajaratu jaririyar.

"Riƙe ta, in yi salla."