Wanda Ya Tuƙa Motar Ran Litinin

Sau uku Mele Fonua tana karanta takardar tarar da aka aiko musu, har yanzu ba ta gane kanta ba. Motarsu ce a hoton, an ɗauko ta ta baya a gaban makarantar firamare, tana gudun kilomita arba'in da takwas inda aka ƙayyade arba'in.

Abin haushin, ita ce mai tsallakar da yara titi a wurin. Ita ta bi garinsu Dubbo gida-gida neman sa hannu har aka kafa kyamarar kama masu gudu.

"Litinin ɗin nan ai babu makaranta," in ji mijinta Tevita, direban bas ɗin 'yan makaranta. "Taron malamai aka yi."

Ta buga wa ofishin da ya aiko takardar waya. Wata mata ta ce dokar tana aiki ko malamai kaɗai suka zo.

"To wa ake karewa, baiwar Allah? Malamai?"

"Ke dai ki rubuta sunan wanda ya tuƙa."

Nan gizo ke saƙar. Saura makin laifi biyu a dakatar da lasisin Tevita, wannan tarar kuwa za ta cike su, kuma direban da ba lasisi ba shi da aiki. Mota ɗaya suke rabawa, sati uku kuma sun wuce.

"Ke kika je sayen rogo."

"Talata ce wannan, tsoho."

"To ni ina na je?"

"Ni za ka tambaya? Kai da ke neman tabarau yana kan hancinka!"

Ya hau murza hula, sai tausayinsa ya kama ta. Nata lasisin fes yake. Tunda ba wanda ya tuna, ai ba ƙarya ba ce sosai. Ta ɗauki biro don ta sa sunanta.

Kafin ta rubuta, ta sake kai hoton kusa da taga. Can gefe, bakin titin da babu yaro ko ɗaya, ga wata mata cikin rigar aiki mai ruwan lemo, ta riƙe allon tsayawa ƙyam.

Sai a lokacin ta tuna. Ita ce ta manta babu makaranta, ta fita aiki. Shi kuma ya biyo ta da sauri, kada mutane su gan ta su yi mata dariya.

"Kin tuna?" in ji Tevita.

Ta miƙa masa biron, ba ta iya kallonsa ba.