Ɓauren Leobardo

Ranar Talata labarin ya iso wa Herminia, tana durƙushe tana niƙa masara. Direban motar da ke zuwa daga bakin teku ya tsaya a ƙofarta, ya cire hula. Jirgin kamun jatan landen da ɗanta Leobardo ke aiki a ciki ya nutse, yau kwana tara, an daina nema. Babu gawa, babu ko takalmi.

Da masu gaisuwa suka watse ta zaga bayan ɗaki, gindin ɓaure. Ranar da cibiyar Leobardo ta faɗi, marigayi mijinta ya sa ta a 'yar tukunyar ƙasa ya binne, ya dasa ɓauren a kai, kamar yadda ake yi wa kowane jariri a ƙauyen. Abin da ya rage mata na jikin ɗanta ke nan duk duniya. A nan ta tarar da tulin sabuwar ƙasa guda uku. Tuza ce, wani irin ɓera mai kama da ƙaramar gafiya, da ke zaune ƙarƙashin ƙasa yana cin saiwa.

Ta tattake tulin da diddige. Washegari suka zama biyar. Ta cusa tafarnuwa a ramukan, ta ƙona barkono har idanunta suka kumbura. Ta yini tana ɗura ruwa bokiti bayan bokiti, ƙasa ta shanye kamar ba a yi ba. Cikin mako uku ganyen ɓaure ya fara yin rawaya, abinci kuwa ya daina wuce mata.

Ta je ta ɗauko Don Kastulo, tsohon da ke kama tuza a gonakin mutane, wanda kuma shi ne uban baftismar Leobardo, shi ya sa yake ce mata Komadre, tana ce masa Kompadre. Ya sunkuya ya shinshina ramin.

"Tafarnuwa da barkono, Komadre? Ai miya kika haɗa mata. Gishiri kawai ya rage."

Ba ta yi dariya ba. Ya bi ƙasa yana soka sanda, har sandar ta zurme daidai gindin ɓauren.

"Babbar hanyarta ke nan. Nan zan haƙa."

"Ban da nan."

"Ita ba a gaya mata ban da nan ba."

"Ɗanka ne a wurin, Kompadre. Ban samu na binne shi ba, kuma in tsaya ina kallo a tone shi?"

Tsohon ya daɗe yana sosa ƙeya. Ya koma can jikin shinge ya tanƙwaro tsumagiya, ya ɗana zarge, ya bar ramin a buɗe, don tuza ba ta jure iska, dole ta zo toshewa. Ya ce mata gaskiya, wannan ƙaramar hanya ce, da wuya ta sa wuya. Kullum da safe sai su tarar an toshe ramin daga ciki, zarge na nan yadda aka bar shi.

Kwana goma ana haka. Herminia na tsince ganyen da ya zuba tana tarawa a zaninta. Rannan jiri ya ɗebe ta, ta dafa ɓauren, sai ta ji ya motsa kamar haƙori mai girgiɗa. Ta tafi gidan Don Kastulo ko mayafi babu.

"Zo ka haƙa."

Da ya haƙa, babu saiwa ko ɗaya, an gaigaye gindin ya yi tsini. Tukunyar na kwance a karkace, ta rabu biyu, cike da guntayen saiwa da busasshiyar ciyawa. Rumbu tuza ta mai da ita. Herminia ta zauna a bakin ramin tana tankaɗe ƙasar da yatsunta, ta sake tankaɗewa. Ba ta sami ko ɓurɓushin cibiyar ba.

"Da na bar ka tun farko," in ji ta.

Don Kastulo ya zaro adda ya sari reshe, farin ruwa ya tsattsafo.

"Duba, Komadre. Da sauran nono a jikinsa."

Ya yanko rassa uku, ya lanƙwasa ragar waya irin ta akurkin kaji ya yi kwando mai zurfi, ya zura a ramin. Ita da hannunta ta jera ɓangarorin tukunyar a ƙasan kwandon, ta zuba ƙasar da ta tankaɗe, suka kafa rassan a kai. Ya mai da zargen babbar hanya, washegari ya kama tuzar. Ko tsawon tafin ƙafar Herminia ba ta kai ba.

Rassa biyu sun bushe. Na ukun yana da ganye huɗu yanzu. Don Kastulo ya rantse mata haƙorin tuza ba ya cin waya, ta ce ta ji. Amma kowace safiya, kafin ta hura wuta, Herminia na cire takalmi ta zagaye kwandon a hankali, tana danna ƙasa da diddige, ko za ta ji inda ya yi taushi.