Hannun Hagun Baba

Yaya ce ta kama wurin bikin cikar Baba shekara saba'in, ba ta shawarci kowa ba. Ƙaramin gidan shan shayi ne, tebura a matse, da ɗan dandamali a lungu inda makaɗa ke zama da yamma. An ajiye kek a gaban Baba, an rubuta saba'in a samansa, jikoki na ta lakatar gefensa da yatsa.

Hankalin Auta kwance yake, sai da ta ga wanda ya hau dandamalin rungume da jita. Kawu Dogo ne, tsohon abokin kiɗan Baba, wanda suka rabu baram-baram a kan wata waƙa da kowannensu ke cewa shi ya ƙirƙira.

"Yaya, me ya kawo wannan mutumin?"

"Ni na kira shi, a shirya su. A wurin nan, in mai bikin makaɗi ne, shi ake miƙa wa jita ya rufe taro. Kyautata ke nan."

"Don Allah ki hana."

"Ke da ba ki kawo komai ba sai fuskar shanu? Matsa can."

Auta ta matsa gefe. Ita ke zaune da Baba, ita ke sa masa maɓallin riga tun da ya tashi daga ciwo. Yatsun hannunsa na hagu ba sa iya danne tsirkiya, ko cokali sai ya suɓuce. Ya kuma gargaɗe ta kada kowa ya ji, balle Dogo.

Kawu Dogo ya yi tsofaffin waƙoƙi, mutane na amshi suna buga tebur. Daga nan ya juyo yana murmushin mugunta.

"Ina mai saba'in? Tsoho, har yanzu kana kiɗa, ko sai labarin da?"

"Kai da na koya wa riƙon jita?" in ji Baba. Muryarsa da ƙarfi, amma hannun yana cikin aljihu.

"To, bismillah. Ga ta nan."

Aka ɗauki tafi. Yaya ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Kafin jitar ta isa teburin Baba, Auta ta yi wuf ta karɓe.

"Bari in gyara masa sautin," ta ce. Ta kama abin ɗaure tsirkiya ta yi ta murɗawa, tana jin zaren na ƙara tsauri, har ya tsinke, tas!

"Ke wace irin dabba ce?" Yaya ta daka mata tsawa.

"Bar ta," in ji Kawu Dogo, yana lalube a jakarsa. "Makaɗi ba ya fita ba tsirkiyar canji. Uban naki ba zai tsere ba."

Ya zauna ya fara zura sabuwa cikin natsuwa. Auta ta ga ba sauran dabara. Ita da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ɗaga murya.

"Babana ba zai taɓa jitar ɓarawon waƙa ba."

Mai shagon ya tsaya da buta a hannu.

"Auta!" in ji Baba. "Ba kawunki haƙuri."

"Ba zan ba shi ba."

Kawu Dogo ya dube ta, ya dubi Baba, ya tura jitar cikin jaka, tsirkiyar na reto. "Ba na kiɗa a inda 'ya'ya ba su da tarbiyya. Allah ya ƙara shekaru." Ya fita ya banko ƙofa.

Yaya ta matso har Auta na jin hucinta. "Wata guda ina haɗa taron nan. Daga yau kada bakinki ya sake kirana Yaya."

Gwaggonsu, da ke zaune kusa, ta ja kujerarta nesa da Auta, tana tsaki. Baba kuwa ya gyara zama, ya dubi jama'a, fuskarsa ta saki.

"Kun dai gani," ya ce. "Yau na so in nuna wa Dogo yadda ake kiɗa, yarinyar nan ta ɓata komai. Ya ci sa'a, wallahi."

Aka yi dariya, har da masu cewa lallai kam ya ci sa'a. Yaya ta yanka kek tana rabawa tebur-tebur, ta tsallake Auta. Auta ta zauna kusa da ƙofa, tana sauraron Baba yana ba jikokinsa labarin irin kayen da zai yi wa Dogo.