Fatar da Shu'ibu Ya Wanke

Ni dai tun ranar da ƙanena Shu'ibu ya sauko daga jirgin ƙasa a Malam Madori na san ba za mu zauna lafiya ba. Shekararsa ɗaya ke nan a babbar makarantar nan ta kudu da hukumar En'e ta tura shi, ya dawo hutun damina da akwatin ƙarfe da ɗan littafi a aljihu, ga shi ba ya iya zama wuri ɗaya. Kaza ta yi tono, ya rubuta. Jaki ya kaɗa kunne, ya rubuta. Na ce, "Kai, wai me suke koya muku ne?" Ya ce, "Adda Kulu, abin da ke cikin jiki muke karanta, wanda ke sa dabba ko mutum ya yi abin da yake yi. Ƙwaƙwalwa, jijiyoyi, jini." Na ce to Allah ya ba da sa'a, a fara bincika abin da ke hana ka zama.

A shekarar kogin Haɗeja ya yi hauka. Ruwa ya shafe fadama har gindin rugarmu, dole yayyenmu suka kora garke can tudu wajen Birniwa. Shanu biyu kawai aka bari, don cikinsu ya tsufa ba za su iya tafiya ba. Ɗaya Gwamma ce, saniyar Baffa, mahaifinmu. Ɗayar tawa ce, ita kaɗai ta rage cikin zuriyar saniyar da marigayiya Inna ta ba ni tun ina yarinya.

Tawa ta haihu ranar Talata, ta sha wuya, kafin la'asar ta mutu. Ta bar mini 'yar maraƙa ja, ƙafafu kamar sillen kara. Kwana biyu bayan haka Gwamma ta haifi namiji, bai yi wuni ba shi ma ya tafi. Ga uwa ba ɗa, ga 'ya ba uwa. Muka kai wa Gwamma 'yar tawa, ta sansana ta sau ɗaya ta kai mata kai. Muka gwada tatsa, ta riƙe nononta ƙam, ko ɗigo, hantsa kuwa ta kumbura tim.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Feɗe mataccen ake yi, a ɗaura fatarsa a bayan marayan, uwar ta ɗauka nata ne ta saki nono. Baffa ya feɗe da sassafe, ya rataye fatar a reshen ƙirya, sai zazzaɓin da ke damunsa ya kwantar da shi. Ni kuma na shiga jirgin masunta zuwa kasuwar Haɗeja in sayo kanwa da gishiri. Shu'ibu sai zagaye yake yana murza hannu. "Adda, wannan ai shi ne ainihin karatunmu! Ki bar mini, ni zan shirya ta." Ni ma da wautata na ce to.

A kasuwa hankalina bai kwanta ba. Ko ciniki ban tsaya yi ba, na biya na juyo.

Tun daga bakin ruwa na hango fatar a shanye a kan igiya, fes da ita, tana ɗiga. Da na matso sai warin jan sabulun nan na asibiti ya bugi hancina.

"Shu'ibu! Me ka yi?"

"Ƙuda ne suka rufe ta, Adda, ta fara wari. In aka ɗaura wa jaririya haka cuta za ta kama ta. Sau uku na wanke, ciki da waje."

"Ka wanke? Wayyo ni Kulu! Ka wanke!"

Ya buɗe littafinsa, wai akwai wani kifi a ƙasar Turawa, in an sassaƙa icce aka shafa masa ja a ciki, sai kifin ya yi ta faɗa da shi yana zaton abokin gaba ne. Wai kama da launi su ne ke tayar da abin da ke cikin dabba, kuma ai launin fatar bai canja ba. Na ce, "Gwamma kifi ce? Kai da aka haifa a gindin saniya, ka taɓa ganin ta leƙa fuskar ɗanta? Hanci take sawa, hanci!" Wallahi na ga lokacin da abin ya faɗo masa.

Duk da haka muka ɗaura. Gwamma ta miƙo wuya, ta ja numfashi, ta yi atishawa, ta juya ta kai shuri har 'yar ta faɗi. Muka shafa wa fatar gishiri, ta lashe gishirin ta ture 'yar. Muka shafa fitsarinta, muka goga ƙasar inda ɗanta ya kwanta, amma ruwan sama ya riga mu. Muka ɗaure mata ƙafa muka tura bakin 'yar a hantsa, ta yi ta tsotso ba komai. Baffa ya leƙo daga bukka, ya dubi Shu'ibu, ya koma ya kwanta. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Na dama kunu tsararo ina ɗura wa 'yar da yatsa. Yana shiga yana fita. Shu'ibu ya kasa tsaye ya kasa zaune, daga turke zuwa bakin ruwa, daga bakin ruwa zuwa turke. Can ya tuɓe takalmansa na makaranta ya ɗauki sanda da igiya.

"Zan je garke in jawo mai shayarwa."

"A wannan ruwan? Yini guda ne zuwa, in ka sami hanya ma."

"Ki dai riƙe mini ita da rai, Adda."

Ko Allah ya kiyaye ban ce masa ba, don raina a ɓace yake.

Kwana biyu ina fama. In ɗura kunu, in fita in duba arewa, in dawo in taɓa hancinta, in sake fita. Gwamma na ta kuka a turke tana neman ɗanta, tawa na kwance taku biyar daga nonon da zai raya ta. Duk tsawon lokacin ina tara wa Shu'ibu maganganu, ina gyara su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda zan faɗa a kan makarantar tasu da duk Baturen da ke koya musu kifi.

Rana ta uku da azahar sai ga shi ya ɓullo ta cikin ruwa iya gwiwa, yana jan farar saniya, ɗanta na biye. Wandonsa ya yage, ƙaya ta tsattsaga masa ƙafafu, matsattsaku biyu manne a ƙwaurinsa bai ma sani ba. Tun daga nesa yake ɗaga murya.

"Adda! Ga ta, tana da nono sosai! Kawo ƙwarya!"

Ban motsa ba. Ya iso ya dubi inuwar da nake kwantar da 'yar maraƙar, ya ga buhu a shimfiɗe ba kowa.

Na ce, "Tun da hantsi ta tafi."

Igiyar ta zame daga hannunsa. Ya zauna daɓas a cikin taɓo, ya daɗe yana kallon buhun. Ni kuma ina tsaye ina jin zafin Inna sabo fil, kamar yau aka fita da ita.

Ya ɗago ya ce, "Adda, ki zage ni mana."

Wallahi na nema, ko ɗaya ban samu ba. Na je na ɗebo ruwan ɗumi na durƙusa na kama ƙafarsa.