Ƙasar da Kawu Yake Nufi

Babanmu, Namadi, direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Ko in ce da can direba ne, sai dai bakina bai saba da faɗin haka ba har yanzu. Albasa yake ɗauka daga Galmi ya biyo da ita ta Ƙonni ya yi kudu, kuma abin da ya fi alfahari da shi shi ne tayarshi ba ta taɓa sauka daga kan hanya ba. Bara da damina hawan jini ya kada shi yana cikin alwala. Da ya tashi, hannun dama da ƙafar dama ba su tashi tare da shi ba.

Hagu ta rage mishi. Ya sha wuya kafin ya yarda ya ci tuwo da ita, shi da yake tsawata muna in munka miƙa abu da hagu. Inna ce ta bi shi da lallashi da cokali har ya saba. Likita kuma ya ce a samo mishi abin da zai riƙa motsa yatsu yana jin daɗi, kada ya zauna kallon bango.

Yayata Wasila ce ta tuna da gem ɗinmu. Wata 'yar na'ura ce mai ruwan toka da ake soka wa kaset a haɗa da tele, Baba ya sayo muna ita ƙetaren iyaka tun muna ƙanana. Ba ta asali ba ce, kwaikwayo ce, har sunan da ke jikinta akwai kuskuren rubutu. Ni na gano haka tuntuni, ban dai faɗa wa kowa ba. Akwai wasan mota a ciki, kuma duk dawowar Baba daga tafiya sai ya zauna ya cinye mu, yana ƙorafin wai motar ba ta da birkin kirki.

Matsalar ita ce manet, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, hannu biyu take so. Wasila ba ta daɗe da shiga makarantar koyon aikin kuran ba, wato wutar lantarki, amma ta ce za ta yi wa Baba ta hannu ɗaya. Ta samo guntun katako. Kawu Sirajo, ƙanen Inna da ke gyaran rediyo da tele a Sakkwato, ya aiko da manyan madannai, kowane kamar murfin gwangwanin tumatir. Biyu za su zauna bisa katako, na hagu da na dama, ɗaya kuma na gudu, Baba ya taka da ƙafarshi mai lafiya.

Kawu ya turo bayani da murya a salular Wasila. Ya ce kowane madanni ƙafa biyu gare shi. Ƙafa ɗaya a ja mata waya zuwa gurbinta cikin tsohuwar manet. Sauran ƙafafun a haɗe su da baƙar waya guda, a kai ta ƙasa. Har ya nanata: kada a manta da ƙasa, in babu ita ba abin da zai tafi daidai.

Wasila ta ce wannan kam ta sani, satin da ya wuce anka koya musu. In an yi wa gida kuran sai an kafa ƙarfe cikin ƙasa an ɗaura mishi waya, har ruwa ake zuba mishi. Sai ta samo doguwar ƙusa munka kafa a kusurwar rumfa, inda ake fito da tele lokacin zafi, ta naɗe baƙar wayar a wuyanta. Ni aikina riƙe abubuwa ne da maimaita mata abin da Kawu ya ce, don ni ba na mance magana.

Da munka gama babu kuran, saboda haka ba mu gwada ba. Ya dawo bayan la'asar, Baba na zaune nan bisa kujerarshi, ɗoki kuma bai bar mu munka jira ba. Wasila ta aza mishi katakon bisa cinya. Da waƙar wasan ta tashi sai na ga gefen bakinshi mai lafiya ya ɗaga.

Ya taka, mota ta tashi. Kwana ta zo ya danna hagu. Motar ta yi hagu, ta tsaya, ta sake yi, ta kama kyarma kamar mai zazzaɓi, ta faɗa daji. Ya sake. Haka ta sake yi. Na uku ma haka.

Baba ya ɗaga hannun hagun ya duba bayanshi, ya juya ya duba tafin. Maganarshi a hankali take fita tun ciwon.

"Cutar ta iso wanga ma," ya ce.

Ya tura hannun cikin riga. Da anka kawo tuwo bai ɗauki cokali ba. Ya ce wa Inna kada ya zubar mata da miya a tabarma. Inna ta matso ta riƙa ba shi kamar farkon ciwon, ni kuma na tashi na shiga ɗaki na buɗe littafi ban ga ko harafi ba.

Da safe munka gwada da kanmu, motar ta yi muna kyarmar nan tata. Na ɗauki katakon na je gaban Baba, na nuna mishi cewa ni ma haka take yi mini. Ya dube ni da tausayi.

"Malama, ke da kofin shayi ma rawa yake a hannunki."

Gaskiya ya faɗa. Da Wasila ta nuna mishi kuwa sai ya ce Allah shi yi mata albarka, amma ya ga tana girgiza yatsa da gangan. Ba ta girgiza ba. Baba dai ya riga ya yanke hukunci, hannun kuma ya zauna cikin riga. Ko carbi ya daina ja. Inna ta ce muna a kicin in ya ci gaba da ɓoye shi haka, da gaske zai mutu mishi.

Don haka munka koma kan katako. Wasila ta goge duk inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Ta narke dalma ta sake liƙe kowace waya. Ta ce ko wayoyin sun yi tsawo, ta rage su. Munka hura kaset munka mayar, munka aro wata shaja, abin da ke ba gem ɗin kuran, a maƙwabta, munka kashe fanka ko ita ke damun abin. In an cire katakon an danna tsohuwar manet da yatsa, mota lafiya lau take tafiya. In an mayar sai kyarma. Wasila ta fara cizon leɓe, in ta fara haka kuwa kuka bai da nisa.

Ni ba na iya komai sai kallo, to na yi ta kallo. Na lura da rana tsaka motar ba ta cika jin madannan ba sam, amma in Inna ta yayyafa ruwa a rumfa don sanyi sai ta haukace. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin na faɗa, don kada ta zama shirme. Wasila ta ce to ƙila ƙusar ce ba ta sha ruwa sosai ba. Ta tuttula mata buta guda. Motar ta yi rawar da ba ta taɓa yi ba.

Wasila ta ce a kira Kawu, amma ta miƙo mini salular, ni zan yi magana. Ina tsoron waya fiye da jarrabawa. Na gaida shi, na tambayi iyali, na sake gaida shi, kana na jero mishi duk abin da munka yi. Ya tambaya ko mun kai baƙar wayar ƙasa. Na ce mun kai, har ruwa muke ba ƙusar.

Ya ce wace ƙusa. Na faɗa mishi.

Dariyar da Kawu ya yi sai da na janye salular daga kunne. Har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗiyata, shuka ta kunka yi? In ta tsiro ku aiko min da iri." Kana ya ce mu duba koren allon da ke cikin manet, akwai wata faffaɗar hanyar jan ƙarfe da ta zagaye bakinshi. Ita ce ƙasa. Haka ake kiranta da Ingilishin da ya koyi aiki da shi, shi kuwa ya juya muna ita da Hausa kawai.

Wasila ta fizge salular. "Kawu, mas kake nuhi? Ai mu mas muke ce mata da Faransanci. Ƙasa dabam, mas dabam."

Kawu ya ce shi bai san wata mas ba, ya dai san masa, in akwai a ajiye mishi. Ya bayyana mata cewa duk dannawar da anka yi, madannin na haɗa gem ɗin da ƙasar rumfa ne, kuran ɗin da ke yoyo daga shaja yana kai yana komowa, shi ne kyarmar. Babu ruwan hannun kowa.

Baba na zaune yana jin komai, idonshi a rufe.

Wasila ta kwance wayar daga ƙusa, ta kankare ɗan wuri bisa hanyar jan ƙarfen, ƙarami kamar ƙwayar gero. Hannunta ɗaya na riƙe da ƙarfen liƙi, ɗaya da dalma, ni zan dafa bakin wayar a wurin. Na dafa. Ta zo da ƙarfen sai wayar ta zame. Na sake dafawa, na riƙe numfashi, na karanta abin da na iya karantawa a zuci, ta sake zamewa. Dalma ta ɗiga a katako. Wasila ta ce in ta ɗiga bisa allon ta haɗe hanyoyi biyu, shi ke nan manet ta tafi. Inna kuwa hannunta na cikin ƙullu.

"Kai, Malama," in ji Baba. Ashe ya buɗe ido. "Za ki ƙone wa Injiniya aiki. Matso da shi nan."

Munka aza katakon bisa cinyarshi. Hannun ya fito daga cikin riga. Ya kama wayar da babban yatsa da manuni, ya aza ta daidai wurin, ya ce wa Wasila ta zo da wutarta. Hayaƙi ya ɗan tashi, dalma ta kwanta tana ƙyalli. Wasila ta ce ya riƙe har ta huce. Ni wayar nake kallo. Ko motsi ba ta yi ba. Da na ɗaga kai na ga shi ma ita yake kallo, kuma ya daɗe bai saki ba bayan Wasila ta ce ya isa.

Babu wanda ya ce mishi ya gwada. Wasila ta kunna tele ta koma gefe tana naɗe wayoyinta. Waƙar ta yi ta maimaita kanta. Can Baba ya laluba da ƙafa ya taka. Kwanar farko ta zo, ya danna hagu, motar ta kwanta ta bi ta sumul. Ta biyu ma haka. Ya wuce wata jar mota, ya ce direbanta bai iya ba.

A kwana ta gaba ya faɗa daji. Baba ya yi tsaki, ya ce tun da can ya faɗa muna motar nan ba ta da birki, ya sake takawa.

Inna ta leƙo daga kicin ta tambaya ko a kawo fura nan. Baba bai ɗauke ido daga tele ba. Ya ce ta ajiye tukuna yana bisa hanya, ta sa mishi ludayi ta hagu.