Ranar da Matan Sintali Suka Kai Tukwanen Gas Ofishin Wuta

Nehemiya bai nemi a tura shi taron ba. Yana cikin rumfar injinsa a unguwar Sintali ta Jalingo, hannuwansa fari fat da garin masara, mai unguwa ya aiko a gaya masa cewa gobe shi zai wakilci unguwa a taron da ma'aikatan wutar lantarki suka kira. Hujjar mai unguwa ita ce Nehemiya ya fi kowa shan wahalar wuta, tunda injin niƙansa da ita yake aiki, kuma yana jin Turanci daidai gwargwado, don shi ke fassara wa'azi a coci idan an yi baƙon fasto.

A lokacin Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Ma'aikata sun kwararo daga ko'ina, kowa da firij ɗinsa da fankarsa, wutar kuwa ita ce dai ta da. Takan zo da rana a raunane, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, injin Nehemiya ya yi ta gurnani ya ƙi juyawa, mata na zaune da kwanukan jiƙaƙƙen wake suna jira.

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi. Zauren taron cike yake da wakilan unguwanni, na Yelwa da na Majidaɗi da sauransu. Mai bayanin wata mata ce da ta zo daga hedikwata, Madam Alice, doguwa mai tabarau, ba ta jin Hausa ko kaɗan. A gefenta wani injiniyan ofishin wuta na garin, Malam Hambali, ke fassarawa.

Madam Alice ta zana doguwar waya a allo. Ta ce ana shawarar sauya yadda ake yanke kuɗin wuta. Wutar kanta daban, hanyar da take bi ta iso gidan mutum daban, kowanne da nasa farashin. Sannan ta ce wani kaso na wutar ƙasar da gas ake yin ta, can kudu, kuma idan aka gyara kasuwar gas, farashin wuta zai bi.

Har nan Nehemiya yana biye da ita. Amma da ta shiga zana wasu layuka suna hawa suna sauka, sai ya fara ɓacewa. Ya koma sauraron Hausar Malam Hambali ko zai tsira, sai ya tarar fassarar ta fi Turancin duhu. Madam ta yi magana mai tsawo, Hambali ya share gumi ya ce, "Wato dai ta ce gas shi ne komai."

Da aka ba da damar tambaya, Nehemiya ya miƙe.

"Madam, mu nan a ƙarshen waya muke. Wutar sai ta biyo Gombe, ta biyo Yola, kafin ta iso mana ta gaji. To za mu biya kaɗan ne saboda ta zo a gajiye, ko za mu biya da yawa saboda ta yi tafiya mai nisa?"

Madam Alice ta cire tabarau ta yi murmushi. Ta ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma ta wani fannin duka biyun gaskiya ne, akwai kwamitin da ke duba wannan. Aka tafa masa. Ya zauna yana jin daɗin tafin, sai da aka raba lemo da biredi ya lura ba a ba shi amsa ba.

Da la'asar mutanen unguwa suka taru a gindin mangwaron ƙofar mai unguwa. Nehemiya ya tsaya a gabansu, ya buɗe baki, ya ji abin da ya ɗauko duk ya cakuɗe.

"Sun ce kuɗin wuta zai rabu biyu," ya ce. "Akwai na wuta, akwai na hanya."

Maishanu, wani dattijon Bafulatani mai shagon shayi, ya gyara zama. "Wace hanya? Hanyan Yola? Wuta a mota yake zuwa?"

"A'a, Baffa, waya. Wayar da take bi."

"Wayar ai tana nan tun ba yau ba. Kuma mu muka haɗa hannu muka kafa turakun layinmu."

Nehemiya ya san gaskiya ne, don shi ma ya ɗauki turke a kafaɗarsa ranar. Ya tsallake zuwa abin da ya fi tunawa. "Sun kuma yi maganar gas. Sun ce idan akwai gas, wuta za ta yi sauƙi."

Wata mata daga baya ta ce, "Gas na girki?"

Nehemiya ya yi ƙoƙarin tunawa. Madam ba ta ce na girki ba ne, ba ta kuma ce ba shi ba ne. Shi dai gas ɗaya ya sani a rayuwarsa, wanda ke cikin tukunyar ƙarfe a kicin ɗin matarsa Esta, tukunyar da ta daɗe ba komai a cikinta tun da gas ya ɓace a gari.

"Ina jin dangi ne," ya ce.

Kafin a yi kwana biyu maganar ta zaga Sintali A da Sintali B, ta dawo masa da sabuwar kama. Wai duk gidan da ke da tukunyar gas za a rage masa kuɗin wuta, in dai ya kai ta ofis aka yi mata rajista. Wasu kuma suka ce a'a, masu tukunya ne za a ƙara wa, don alamar masu hali ce. Wani maƙwabcinsa ya tura tasa ƙarƙashin gado. Sada mai shagon kayan gini kuwa ya bi gida-gida yana sayen tsofaffin tukwane, har da masu tsatsa da aka mayar kujerar tsakar gida.

Esta ta same shi a rumfa. "Baban Rejoice, in kai tamu ko in ɓoye?"

"Wa ya ce a kai?"

"Kai mana. Kowa cewa yake kai ka faɗa."

"Ni ban faɗa ba."

"To me ka faɗa?"

Ya yi ƙoƙarin maimaita mata. Yana tsakiyar bayani ya ji shi kansa bai yarda da abin da bakinsa ke faɗa ba. Esta ta dube shi ta ce tunda bai ce kar a kai ba, ita za ta bi sauran mata, in ma ba a samu komai ba ai ba a rasa komai ba.

Ranar Litinin da hantsi ya rufe rumfa ya nufi ofishin wuta don ya ji gaskiyar magana daga bakin Malam Hambali. Tun daga nesa ya hango layi. Mata ne birjik, kowace da tukunya a ka ko a gefe, shuɗaye da jajaye, wasu sun zauna a kan nasu suna fifita da bakin zane. Ga Esta a tsakiya. Ga Sada da amalanke cike. Mai gadi ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana rantsuwa bai san da wata rajista ba.

Malam Hambali ya fito ya hau kan benci. Ya ce babu rajista, babu ragi, gas ɗin da aka ambata ba na tukunya ba ne, wani ne da ke bin bututu a wata duniya can, kowa ya koma gida. Ba wadda ta motsa. Sai wata ta hango Nehemiya.

"Ga Baba Nehemiya nan. Shi ya je taron. Baba, mu tafi ko mu tsaya?"

Duk suka juyo. Ya ga sun fi yarda da shi a kan mutumin da ke aiki a ofishin, abin ya ba shi tsoro.

"Ku ji abin da injiniya ya faɗa," ya ce. "Ku tafi gida."

Suka fara watsewa a hankali, amma yana jin wata tana gaya wa 'yar'uwarta cewa an rufe rajistar yau ce, sai wani satin.

Hambali ya ja shi cikin ofis, ya ba shi kujera, ya turo masa ƙullin gyaɗa. Fankar sama a tsaye take, don ofishin ma ba wuta.

"Malam Nehemiya, ka ɗora mana aiki."

"Injiniya, kai ka ce gas shi ne komai."

"Na ce haka?" Hambali ya shafa kai. "To ita ma kusan abin da ta ce ke nan." Sannan ya rage murya. "Don Allah, kai da ka zauna ka saurara da kyau, kuɗin hanyar nan, cewa ta yi a kan mita za a ɗora, ko a kan unguwa gaba ɗaya? Ni hankalina na kan fassara."

Nehemiya ya tsaya da gyaɗa a hannu. "Ni na zo tambayarka ne."

"Mun buga waya hedikwata. Sun ce an mayar da Madam wani sashe. Wanda ya gaje ta ya ce bai ga maganar a teburinsa ba tukuna."

"To za a yi ko ba za a yi ba?"

"Za a yi wani abu dai," in ji Hambali.

Bayan 'yan watanni kuɗin wuta ya tashi, ga mai tukunya da marar tukunya, na bakin waya da na ƙarshenta. Ba a raba shi biyu ba, ba a kuma sake ambaton gas ba. Sada ya daina gaishe da Nehemiya, tukwanen na jibge a bayan shagonsa kaji na kwana a kai. Wasu a unguwa suka ce bakin Nehemiya ne ya jawo ƙarin, da bai yi tambayar nan ba da ba a tuna da su ba. Wasu kuma suka ce ƙarin da aka shirya wa Jalingo ya fi haka nesa, tsayuwar da ya yi gaban Madam ce ta sa aka sassauta.

Maishanu na cikin masu wannan ra'ayin. Wata safiya ya zo rumfar da ƙwaryar kindirmo ya ajiye a kan buhu.

"Useko, mun gode, Nehemiya. Ka yi mana faɗa."

"Baffa, ban san ko na yi wani abu ba."

"Ka yi. Kowa ya sani."

Nehemiya ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya ga bai san ta inda zai fara ba, kuma ba shi da tabbacin dattijon ya yi kuskure. Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu ya yi godiya, ya aika wa Esta da ita gida.